A Bayan Keken Surukina

Ciwon keke ya kama ni ne da girmana, bayan likita ya auna jinina, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi. A lokacin ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, ina zaune daga safe har la'asar ina leƙen jinin mutane, nawa kuwa yana ta hawa ban sani ba. Wani Bature abokin aikina shi ya ja ni. Ya ce akwai wani sabon yayi, mutane sun gaji da kwalta da motocinta, suna ɗaukar keke su tafi ƙauyuka su bi hanyoyin tsakuwa. Da ya nuna mini hotuna a wayarsa sai na ga burji ne kawai, irin wanda na yi shekara ashirin ina roƙon Allah ya raba ni da shi. Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Bayan wata biyu ina da keke, da hular kwano, da takalmin da ake maƙalawa a feda, da wani wando da har yau ba na son a tuna mini da shi.

Wandon nan sai an yi bayaninsa. Baƙi ne, na roba, iyakarsa cinya, yana kama jiki kamar safa, kuma an ɗinka masa soso a mazaunai don kada sirdi ya ci mutum. Duk yadda Allah ya yi ka, haka yake nuna ka. A ƙasar waje muke zaune, a wata unguwa mai suna Parkchester, hawa na bakwai, kuma ban taɓa shiga lif ɗinmu na tarar babu kowa ba. Maƙwabcinmu wani mutumin Kumasi ne mai shagon kayan abinci. Ranar da ya fara ganina a cikin wandon sai ya rufe ido da hannu ɗaya, ya ce, "Massa, an sace maka trouser ne?" Daga ranar na koyi ɗora dogon wando a kai, ba na cirewa sai na bar unguwa.

Wurin da na fi so yana arewa da birni, tafiyar awa uku a mota, wajen kogin Schoharie. Tudu ne mai faɗin kai, na farin dutse, gonakin masara da garken shanu a bisansa. Hanya takan bi doron tudun ta yi nisa, sannan ta gangara kwari ta bi bakin ruwa, ta sake hawa. Akwai wata manhaja a waya da take rubuta inda ka bi da irin gudun da ka yi, abokanka su gani su yaba. Na shiga wannan ma da ƙafa biyu. Mutumin da ya taso yana tura keken mahaifinsa da buhun dawa a kai, sai ga shi yana kwana da tunanin yadda zai rage minti biyu a hawan wani tudu da ko sunansa ba ya iya faɗa daidai.

Ana cikin haka surukata ta rasu a gida. Matata ta je aka yi jana'iza, ta dawo tana cewa ba za ta iya barin mahaifinta shi kaɗai a gidan nan ba, don 'yan'uwanta duk sun watsu a garuruwa. Aka yi ta fama da takardu har aka samu, ya zo da niyyar wata shida. Dogo ne, siriri, mai ƙaramar murya, ya haura saba'in. Kayansa jaka ɗaya da Littafi Mai Tsarki da ya sha ɗinki.

Ni ɗan ƙauye ne daga ƙasar Malumfashi, kuma a gidanmu an koya mana kunyar suruki tun kafin a koya mana karatu. Ba ka zama inda yake zaune, ba ka shiga gabansa a hanya, ba ka kallon ƙwayar idonsa. Abinci da ruwa kuwa ba sa wuce maƙogwaronka yana gani. A gida wannan ba wani aiki ba ne, akwai zaure, akwai gindin bishiya, akwai gidan aboki. A ɗaki biyu da falo, a hawa na bakwai, sai an yi dabara. Matata ma'aikaciyar jinya ce, da yamma take fita aiki, saboda haka abincin yamma tsakanina da shi ne. Takan bar mana a kula. In na dawo aiki sai in gaishe shi daga bakin ƙofa a durƙushe, in jera masa komai a tebur, in ce, "Baba, ga abinci," in ɗauki nawa in ɓace. Da farko kicin nake shiga, sai na lura kicin ɗin ba shi da ƙyaure kuma yana kallon teburin. Na koma ɗakin kwana, matata ta ce ba ta yarda da ƙamshin daddawa a zanin gadonta ba. Daga ƙarshe na samu matakalar bene ta bayan lif, wadda ba mai bi sai in an yi gobara. Nan nake zama da kwanona a cinya. Mutumin Kumasi ya taɓa tarar da ni a wurin, ya tambaye ni ko madam ce ta kore ni. Na yi masa bayani da fahariya, don ni a ganina ba kowa ne zai riƙe tarbiyya haka a ƙasar mutane ba.

Abin da ya dame mu shi ne Baba ba ya cin abinci. Loma biyu ko uku zai yi, ya rufe kwano, ya koma bakin taga ya zauna yana kallon tattabarun tsakar unguwa. Matata ta canza girki ya fi a ƙirga. Ta yi tuwon masara da miyar kuka, ta yi fate, ta yi kunun gyaɗa, ta sa aka kawo mata yakuwa daga wani shago a Harlem. Yakan yaba, ya sa albarka, ya rufe kwano. Agogon hannunsa ya fara zamewa yana saukowa har bayan tafin hannu. Muka kai shi asibiti, na auna jininsa da kaina, ba a ga komai ba. Wata biyu da zuwansa ya fara tambayar ko ana iya matso da ranar tikiti. Matata ta same ni a ɗaki tana hawaye, ta ce in ya koma gida a haka, binne shi za ta je yi kafin shekara. Na ji tsoro ƙwarai, don ina ƙaunar mutumin nan, ko da yake a shekara bakwai na aurenmu maganar da ta haɗa mu ba ta wuce gaisuwa ba. Na yi ta tunani, na yanke cewa wataƙila motsina ne yake takura masa. Sai na ƙara ladabi, na riƙa ficewa tun kafin ya wanke hannu.

Kekena yana rataye a bangon lungun da ke tsakanin falo da banɗaki. Wata Asabar da sassafe na fito saɗaf-saɗaf zan sauke shi, dogon wando a kan na roba kamar kullum, sai na tarar da Baba a tsaye a gabansa. Ya sa yatsa biyu ya ɗaga shi daga ƙugiya, ya jijjiga, ya ce wannan keken bai ƙoshi ba. Ya tambayi inda kariyarsa take, da ƙararrawa, da fitila. Na ce ba a sa musu, saboda nauyi. Ya dube ni, irin kallon da ake yi wa wanda aka cuta a kasuwa. Da ya ji cewa burji nake tafiya nema har awa uku a mota, sai ya zauna a hannun kujera ya ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Na san ya yi aiki a kamfanin siminti, amma ban san a wurin fasa dutse ba ne, kusa da kogin Gongola, kuma shekara talatin a keke yake zuwa daga ƙauyensu, rani da damina. Ya gama ya ce, "A kai ni in ga burjin Turawa."

Tun da ya zo, wannan ne abu na farko da ya roƙa. Ina neman yadda zan ce wurin da nisa, matata ta amsa daga cikin ɗaki cewa Asabar mai zuwa za a kai shi.

Mutumin Kumasi ya ara mana keken da ake kai wa mutane buhun shinkafa daga shagonsa, baƙin ƙarfe mai nauyin ɗan maraƙi, da kariya, da ƙararrawa, da madubi a hannun hagu. Baba ya wuni ranar Juma'a a lungun nan da tsumma da mai, yana ɗaure wannan yana kwance wancan, yana rera waƙar coci a hankali. Ya yanka tsohon tiyub ya yi roba ta ɗaure kaya. Ni kuwa na wuni ina tunanin abin da zan sa. Wandon soso dole ne, don ban iya sirdin nan babu shi. Na ɗora wandon shadda a kai, na kawo kaftaninsa har gwiwa na zura. Takalmin feda ma dole ne, kekena ba ya karɓar wani. Da na ɗora hular kwano na dubi madubi sai na ga kamar an gayyace ni biki da wurin gini a rana ɗaya.

Niyyata in karya kumallo tun da asuba kafin ya tashi. Na fito na tarar ya riga ni, yana zaune a falo da hularsa, yana fuskantar kicin. Haka na fita da cikina wayam. Matata ta yi dambun shinkafa da zogale da soyayyen nama, ta cika babbar kula, ta zuba mini nawa daban a wata 'yar roba, ta raɗa mini cewa in mun tsaya in zaga bayan bishiya. Muka yi awa uku a mota. Kofin shayina yana gefena har ya huce ban taɓa shi ba.

Mun ajiye mota a filin wani ƙaramin coci a bisa tudun. Ina sauke kekuna, Baba ya ce in bar masa ɗaurin kaya, ya ɗaure abinci a kariya da kansa. Na ba shi hular kwano, ya juya ta, ya ɗora a kan hularsa ta gida. Ya taka burjin da ƙafa, ya ce an yi masa aiki mai kyau, an ba shi doro yadda ruwa zai zurare. Sannan ya hau, ya miƙe zaune ƙyam, ya fara taka feda a natse kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na bi bayansa, don ba zan shiga gabansa ba. Keken da aka ƙera don gudu, ranar ya koyi tafiyar hawainiya. Ina ta matsa birki a shimfiɗaɗɗiyar hanya, manhaja kuma tana aljihuna tana rubuta komai.

Ba mu yi nisa ba muka iso gonar farko. Wani tsohon Bature yana bakin hanya yana buɗe akwatin wasiƙunsa. Ni da abokaina in mun ga irinsu mukan ɗaga yatsa ɗaya mu wuce. Baba ya ja birki, ya sauka, ya cire hular kwano, don a wurinsu ba a gaida babba daga kan keke. Ni ma na ja birki zan sauka, na manta ƙafafuna a maƙale suke. Takalmin nan sai ka murɗa diddige yake sakinka, kuma sai ka tuna tun kafin ka tsaya. Na tafi gefe a hankali, ni da keke, na kwanta a cikin ciyawa. Baba ya juya yana kallon gonar masara har na tashi na kakkaɓe. Sannan ya gaida tsohon da Turancinsa na makarantar mishan. Ya tambaye shi aiki, ya tambaye shi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi shanu, ya tambayi ruwan sama. Da farko mutumin ya ɗauka wani abu muke sayarwa. Da ya ga ba haka ba ne sai ya jingina da akwatin, ya ba mu labarin gwiwarsa da aka yi wa aiki da ɗansa da ya ƙi noma. Mun kai minti ashirin a wurin.

A gona ta biyu wata tsohuwa ce mai shanya. A ta uku wasu dattawa biyu ne a kan tarakta. Ban taɓa sanin hanyar nan tana da tsofaffi haka ba, sau tara na bi ta ban ga ko ɗaya ba. Na sake faɗuwa sau biyu, kuma duk lokacin da na faɗi sai Baba ya sami abin kallo a gona. In an zo hawa yakan sauka ya tura kekensa, ni ma in sauka in tura nawa mai giya ashirin da biyu, takalmina yana ƙwas-ƙwas a kan tsakuwa kamar kofaton akuya.

A wani wuri da aka yanka tudu don hanya ta wuce, dutsen ya fito fili, fari-fari mai ruwan toka, hawa-hawa. Baba ya jingine keke ya je ya dafa shi da tafin hannu. Ya ɓalli ɗan guntu, ya tofa masa yawu, ya goge da babban yatsa, ya nuna mini zanen ƙananan ƙwanson kifi a jiki. Ya ce wannan ɗan'uwan nasu ne na gida, shi ake ƙonawa a yi siminti. Ya ce in lura tun da muka taso ba mu tsallake rafi ko ɗaya ba, domin ƙasar irin wannan dutse ba ta riƙe ruwa a bisa, ta tsaga yake bi ya nutse, sai a gindin tudu ya ɓullo da sanyinsa. Ya yi maganar yadda ake huda dutse, da yadda ake busa usur kafin a tashi nakiya, da wani abokinsa da ya kurmance. A wuni ɗaya ya yi maganar da bai yi a wata biyu ba. Na ji daɗi har cikin raina, sai dai harshena ya fara mannewa a dasashi.

Gora biyu ce a jikin kekena, cike da ruwa. Na miƙa masa ɗaya da hannu biyu, ya sha ya yi hamdala. Ɗayar tana tsakanin gwiwoyina, ina jin motsin ruwan a kowace gargada. A aljihun rigar cikina kuma akwai wasu 'yan ƙunshin zaƙi da masu keke suke tsotsa in ƙarfi ya ƙare. Dabarata ita ce in ja baya kaɗan, in bari ya sha kwana, in kurɓa. Amma madubin nan na mutumin Kumasi ya hana. Da na ɗan yi nisa sai in ji ƙararrawa, in tarar ya tsaya yana jirana, yana tambaya ko na gaji ne. Sau uku na gwada. A na uku har na ciro gorar, ya waiwayo, na yi kamar ina duba ko tana yoyo.

Wajen tsakar rana wasu masu keke su shida suka zo suka wuce mu da gudu, maza da mata, kowa a cikin irin wandon da ke ƙarƙashin shaddata. Baba ya bi su da ido har ƙurarsu ta lafa. Ya girgiza kai ya ce, "Allah sarki, ba su da mai faɗa musu." Na ce gaskiya ne, Baba.

Daga nan hanya ta fara gangarawa kwari, kuma a nan na ga abin da shekara talatin take koya wa mutum. Tsohon nan ya saki birki, ya ɗan ɗaga daga sirdi, ya bi tsakiyar burjin yana kauce wa ramuka tun kafin in gan su, kula tana rawa a bayansa. Ni kuwa idona ya fara ganin taurari da rana tsaka. Ina cikin ƙoƙarin kada ya ɓace mini, iska ta ɗaga kaftanina, sai na ji an fizge ni ta ƙasa. Ƙafar wandon shadda ce sarƙa ta kama ta naɗe. Allah ya taimaka mun kusa sauka, gudun ya ragu, na gangara cikin dogayen ciyayi a bakin kogi na kife.

Baba ya dawo ya tsaya a kaina. Wannan karon babu gonar da zai kalla. Ya tabbatar ban karye ba, ya durƙusa ya duba sarƙar, ya ja wandon, ya juya feda baya, abu ya ƙi. Shaddar ta shige tsakanin haƙoran giya ta yi dam. Ya ce babu yadda za a yi sai in cire. Na ce wataƙila in an ɗan ƙara ja. Ya ce in cire. Na kwance mazagi, na zare ƙafa ɗaya, na zare ɗayar, kaftanin kuwa dama ya tsage tun daga aljihu har ƙasa. Na miƙe a gaban mahaifin matata a cikin wandon mutanen da ba su da mai faɗa musu.

Ya dube ni sau ɗaya ya juya wajen kogi. Na ga kafaɗunsa suna motsi. Can sai abin ya fi ƙarfinsa, ya zauna a kan dutse ya yi ta dariya har hular kwano ta zame, yana share ido da hannun riga. Rabon da a ji dariyarsa tun kafin rasuwar. Da ya lafa ya nuna bayana da haɓa ya tambayi aikin wannan kumburin. Na ce soso ne, saboda sirdi. Ya ce da ya san da irinsa a shekarun nan talatin, da ya sa a ƙarƙashin wandonsa shi ma, ba wanda zai sani.

Kamar yadda ya faɗa, ga ruwa yana ɓullowa daga gindin dutse, 'yan taku kaɗan daga inda na faɗi, yana gangarawa cikin kogin. Ya je ya wanke hannu da fuska, ya kwanto kula daga kariya, ya shimfiɗa yagaggen wandona a kan wani faffaɗan dutse ya ɗora ta a kai. Na leƙa kariyar ina neman 'yar robata, babu ita. Ya buɗe kula, ƙamshin dambu ya bugi hancina har na ji jiri. Na ce, "Baba, ku ci, bari in je in duba tayar nan." Na yunƙura zan tafi.

"Zauna," in ji shi. Bai ɗaga murya ba, kuma ba ni yake kallo ba, kular yake kallo. "Tun da na yi wayo ban taɓa sa hannu a kwano ni kaɗai ba. Muna yara, da 'yan'uwana. A wurin fasa dutse, mu shida a kwano ɗaya. Da yara suka watse sai ni da uwar matarka, muka daina jin kunyar kowa, muna ci tare. Na zo gidanka, kana ajiye mini abinci kana gudu. Na san girma kake ba ni. Na karɓa, na gode, iyayenka sun yi tarbiyya. Amma ba ya wucewa, ɗana. In na kai loma sai ta tsaya mini a nan."

Ya nuna maƙogwaronsa. Kunyar wandon ta tafi, wata ta zo wadda ta fi ta nauyi, don na tuna yammacin nan duka da na yi a matakalar bene ina yaba wa kaina, shi kuma yana zaune da kwano a gaba, bango ɗaya ne tsakaninmu. Na auna jininsa, na kai shi wurin likitoci, ban taɓa tunanin in ja kujera ba.

"Wanke hannunka," ya ce.

Na rarrafa na wanke. Ya yi addu'a gajeriya. Lomar farko da ƙyar na kai ta baki, ina kallon kogi, ina jin kamar mahaifina yana tsaye a bayana. Ta biyu ba ta ba ni wahala ba. Daga ta biyar na manta da kowa. Ya turo mini tsokar nama ta gefena, na mayar masa, ya sake turowa, muka yi ta yi har ya raba ta biyu. Na ɗaga gorata na sha ruwa a gabansa, maƙogwarona yana ƙara, bai ko kula ba, don shi ma ya duƙufa. Ina satar kallon hannunsa yana zuwa yana dawowa, agogon yana zamewa yana mayar da shi. Mun cinye dambun nan tas, ya karkata kular ya tattara na gindin da yatsu ya kai baki.

Komawa mota ta kai mu har la'asar, yawanci a ƙafa, ni ina ɗaure da yagaggen wando a ƙugu kamar zani. Mun sake gaida tsohuwar mai shanya, ta tambaya ko kare ne ya bi ni. Da na buɗe mota zan sa kaya sai na ga 'yar robata a ƙarƙashin kujerar da ya zauna, an tura ta can ciki da kyau. Na ɗauko na riƙe. Baba ya ce tsufa ne, mantuwa ta yi masa yawa kwanan nan. Muka cinye wannan ma a hanya, robar tana tsakaninmu, yana riƙe da ita ina tuƙi.

Ranar Litinin Baturen abokin aikina ya ga abin da manhaja ta rubuta, ya zo har teburina ya tambaya ko ba ni da lafiya. Na ce lafiyata ƙalau, gaisuwa ce ta yi yawa. Bai gane ba, ni ma ban ƙara ba.

Amma a ranar da muka dawo, matata ta karɓi kular ta ji ba nauyi. Ta buɗe, ta dubi cikinta, ta dubi mahaifinta, ta dubi abin da ke ɗaure a ƙuguna. Sai ta shiga banɗaki da kular a hannu ta rufe ƙofa, muka ji ta saki famfo. Maganar tikiti ba ta sake tashi ba.

Washegari da yamma ta tafi aiki ta bar mana tuwo. Na jera kwano biyu a tebur, ɗaya a wannan ƙarshen ɗaya a wancan, don ban gama warkewa ba. Baba ya wanke hannu, ya miƙa ya ɗauki nawa ya juye a cikin nasa, sannan ya sa ƙafa ya jawo mini kujerar da ke kusa da shi.